Daga Leiden zuwa Delft, kan sawun maganaɗisu da lantarki marar turjiya

Jirgin ƙasa daga filin jirgin sama na Schiphol, a ƙasar Holan, bai cika minti ashirin ba ya sauke ni a Leiden. Da ƙafa na ƙarasa gidan tarihi na Boerhaave, ina ta kauce wa masu kekuna. A can aka ajiye bututu da kwalaben gilashin da masanin kimiyya Heike Kamerlingh Onnes ya mayar da iskar hiliyam ruwa da su a 1908. Cikin sanyin wannan ruwa ne, ran 8 ga Afrilu 1911, ya ga zaiba ta daina yi wa lantarki turjiya ɗungurungum a wajen digiri 4.2 na ma'aunin Kelbin, wato kusan 269 ƙasa da sifiri a Salshiyos. Ƙarfen da ya shiga wannan hali shi ake kira sufakondakta.

Yau samun sanyin ba shi ne wahala ba. Wahalar na same ta washegari a wani ɗakin gwaji, kan ɗan ɓallin silikon da bai kai farce ba. Hawa uku ake yi masa, su ne ake kira mahaɗa: niyobiyam (ƙarfen da ke zama sufakondakta in ya yi sanyi) a ƙasa, ƙarfe mai maganaɗisu a tsakiya, niyobiyam kuma a sama. Ana fesa su ɗaya bayan ɗaya cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, ba a buɗe ta sai an gama. Iska na shiga, fuskar niyobiyam za ta yi tsatsa, mahaɗar ta lalace.

Rigimar tana hawan tsakiya. A sufakondakta elektoron bibbiyu suke tafiya, kowanne da juyinsa, wato inda ɗan maganaɗisunsa ya fuskanta: juyin ɗaya sama, na ɗaya ƙasa. Maganaɗisu kuwa so yake kowa ya kalli gabas ɗaya. Don haka in tagwayen suka shiga ƙarfe mai maganaɗisu irin kobalt, cikin 'yan nanomita ƙalilan (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) sun watse. Amma kafin su watse sai sun yi lilo, alamarsu a lissafi ta juya daga tarawa zuwa ɗebewa. In kaurin hawan ya dace da wannan juyi, an sami abin da ake kira mahaɗar π. Valery Ryazanov da abokan aikinsa sun nuna ta a 2001 a Chernogolovka ta Rasha, da gamin tagulla da nikel mai raunin maganaɗisu: suna rage zafi kawai, iyakar lantarkin da mahaɗar ke ɗauka ta faɗi kusan sifiri, sannan ta sake tashi.

Na tsaya na ga awo. Waya huɗu ake ɗaurawa, biyu na tura lantarki, biyu na karanta bolt, kada turjiyar wayoyin ta shiga lissafi. Ana zura sandar cikin tulun hiliyam a hankali, don gaggawa ƙafar da ruwan take yi, kuma tsada gare shi. Niyobiyam na zama sufakondakta a digiri 9.2 na Kelbin. In ya wuce wannan gaɓa babu garkuwar da ke tare maganaɗisun ƙasa, sai ya kama wasu zaruruwansa ya riƙe, zanen awo, wanda ke nuna yadda iyakar lantarkin mahaɗar ke sauyawa da ƙarfin maganaɗisun da aka sa mata, ya karkace. Maganinsa a ɗaga sandar ya ɗumama sama da 9.2, a sake sanyayawa. Shi ma hawan tsakiya yana tura ƙololuwar zanen gefe, kuma gefen ya danganta da inda aka fuskantar da maganaɗisunsa a baya.

Delft tafiyar minti ashirin ce ko ɗoriya kaɗan, ta Den Haag. A Delft ne a 2006 aka ga lantarki marar turjiya ya ratsa ɗaruruwan nanomita na CrO2 (gamin kuromiyam da oksijin), ƙarfe mai maganaɗisu da juyi iri ɗaya kaɗai yake bari ya wuce. Tagwaye masu saɓanin juyi ba su da hanya a ciki, sai masu kallon gabas ɗaya, waɗanda maganaɗisu bai damu da su ba. Ana samun su ne in maganaɗisun bakin mahaɗar bai miƙe sak ba. A 2010 masu bincike a Kambirij ta Ingila sun yi hakan da gangan: suka sa holmiyam, mai maganaɗisu a murɗe kamar igiya, gaba da bayan kobalt. Na koma tasha da yamma ana yayyafi, jirgin Leiden ya riga ya tsaya.