Dattijo mai ciwon suga da ya fita hayyacinsa: a fara da yatsa

Babban darasin da aikin ɗakin gaggawa ke koyarwa shi ne, duk dattijon da aka kawo ya rikice, yana sambatu ko ba ya amsa kira, a soki yatsarsa a auna suga kafin komai. Minti ɗaya ya isa. Sugan da ya faɗi ƙasa da 70 mg/dL kan kwaikwayi shanyewar ɓarin jiki: baki ya karkace, harshe ya yi nauyi, hannu ya saki. 'Yan uwa kuma sau da yawa sai sun ɓata sa'o'i suna zaton iska ce ko rikicin tsufa.

Wanda ya shekara 15 ko 20 da ciwon ba lallai ya yi gumi ko rawar jiki ba, domin jijiyoyin da ke yin wannan gargaɗi sun lalace. Maganin hawan jini irin su propranolol yana ƙara ɓoye alamun. Idan yana iya haɗiya, a ba shi giram 15 na sukari, kimanin cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. Idan ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa komai a baki, ko da ruwan rubutu ne, don huhu zai wuce. A kwantar da shi ta gefe, a ba shi gulukos giram 25 ta jijiya.

Inda ake yawan asara shi ne bayan ya farfaɗo. Ya buɗe ido, ya gaishe da kowa, sai a sallame shi. Alhali idan ƙwayar maganin ciwon suga mai suna glibenclamide yake sha, kuma ƙodarsa ta yi rauni, maganin na nan a jini, sugan zai sake faɗuwa cikin dare. Irin wannan sai an riƙe shi aƙalla sa'o'i 24, da ƙarin ruwan gulukos kashi 10 cikin ɗari, ana aunawa akai-akai. A ganina bai kamata a ci gaba da rubuta wa tsofaffi wannan magani ba, duk arharsa, musamman masu dagewa kan azumi.

Akasin haka ma na faruwa. Suga ya haura 600, dattijo ya yi kwanaki yana fitsari barkatai har ya bushe. Nan ruwa ake farawa da shi, ruwan gishiri kashi 0.9 cikin ɗari ta jijiya, kimanin lita ɗaya a sa'ar farko, ana lura da zuciya. Insulin sai daga baya, a hankali, bayan an duba sinadarin potassium a jini, don saukar da suga da gaggawa na da nasa haɗarin.

Sai a nemo abin da ya tayar da matsalar. A cire safa a duba tsakanin yatsun ƙafa da dunduniya, domin gyambo kan ruɓe ba tare da mai shi ya ji zafi ba. A gwada fitsari da maleriya, a saurari ƙirji, a yi gwajin zuciya na ECG, saboda bugun zuciya a wajen waɗannan dattijai yakan zo babu ciwon ƙirji ko kaɗan.