Faranti ba jikin mutum ba ne

Duk wanda ya taɓa zuba ƙwayoyin CAR-T a kan ƙwayoyin cutar kansa da aka shimfiɗa a farantin gwaji ya san daɗin abin. Kafin kwana biyu sun share farantin tas. Ni kam irin wannan sakamakon ba ya sa ni saurin murna.

CAR-T ƙwayoyin garkuwar jiki ne da ake ɗiba daga jinin majiyyaci, a sauya musu halitta su riƙa gane cutar kansa, sannan a mayar masa da su. A 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wani maganin CAR-T mai suna Kymriah don wani nau'in kansar jini, kuma yara da yawa da aka fid da rai da su sun tashi. Amma ƙarin da ke fitowa a huhu ko hanji ko ƙwaƙwalwa labarinsa daban. Curarre ne, zaruruwan kolajin, furotin ɗin da ke ɗaure naman jiki, sun kewaye shi, cikinsa ba isasshiyar iskar oksijin, ga sinadarai irin su TGF-beta da ke kashe wa ƙwayoyin garkuwa gwiwa.

Shi ya sa na fi yarda da gwaji a kan dunƙulen ƙwayoyin cutar kansa. Mukan zuba ƙwayoyin kansa a 'yan ramukan da ba za su iya manne wa gindinsu ba, sai su cure da juna. Idan curin ya kai wajen rabin milimita, tsakiyarsa takan fara mutuwa, don oksijin ba ya ratsawa fiye da maikuromita 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na milimita, ko makamancin haka. Sai mu rina ƙwayoyin CAR-T da kore, mu saka, mu leƙa ta madubin ƙara girma. Za ka gan su sun yi cincirindo a gefe kamar tururuwa a kan curin sukari, tsakiya kuwa baƙi ƙirin. 'Yan kaɗan ke kutsawa ciki, su ma ba su daɗewa suke laushi.

Ɓeraye na da nasu amfanin, sai dai waɗanda ake dasa wa ƙarin mutum ba su da garkuwar kirki, don haka ba su nuna mana zazzaɓi da faɗuwar hawan jinin da majiyyata suka sha bayan an ba su CAR-T ba yadda ya kamata.

Hanyar da ta taso daga ɗakin binciken masanin kimiyya Hans Clevers a Utrecht ta ƙasar Holan a 2009, wato rainon 'yan ƙananan gaɓoɓi a gwaji, ta ba mu damar rainon ƙarin majiyyaci shi kansa. Har yanzu dai ba jijiyoyin jini a ciki. Abin da ke cin raina a yanzu shi ne haɗa ƙwayoyin cutar kansa da masu samar da kolajin da na garkuwa a rami ɗaya, alhali ruwan rainon da ya dace da wannan yakan raunana wancan.