Saura Sati Tara Babur Ya Zama Nawa

Duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci nake kai wa Alhaji kuɗinsa, naira 8,000 cif. Nakan same shi a bakin shagonsa a Agege ta Legas, zaune kan buhun wake, in durƙusa in gaishe shi, in miƙa da hannu biyu. Ya ƙirga, ya tura a aljihun gaban riga, ya ce, "Allah ya yi albarka, ɗana." In ce amin, in tashi. Sati 41 muna haka, kuma babu ranar da ɗayanmu ya ɗauki biro.

Ana gab da azumin 2019 ya sayo sabon Boxer ya ba ni, a kan in biya shi naira 400,000 cikin sati 50, in na gama babur ya zama nawa. Bayan sallar Isha'i muka yi maganar, daga ni sai shi sai Allah. Ɗan garinmu ne, ya san mahaifina tun suna samari. Ya zo mini a rai in ce a rubuta, kunya ta rufe mini baki. Da wane ido zan dubi sa'an ubana in ce ya sa hannu a takarda? Sai ka ce na ce masa macuci.

Ku nake yi wa wannan labari, ƙannena masu acaba da dako da ga-ruwa da turin baro da gadi, da ku 'yan mata masu aikatau a gidajen mutane. Aikinmu ba shi da takardar ɗauka, ba shi da albashin ƙarshen wata, ba hutun rashin lafiya, ba fansho. Kuma kada ku ɗauka mu ne 'yan tsiraru. A 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 2, sama da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, irin wannan aikin suke yi, a Afirka ma kusan kashi 86 ne. Abin da muke kira acaba shi ne kabu-kabu a Maraɗi da Damagaram, zemijan a Kwatano, boda-boda a Kampala da Nairobi, ojek a Jakarta. Suna ne ya bambanta, amma ciwon bayan ɗaya ne.

Abin takaicin, ba a Legas aka fara mari na ba. A Kano na fara acaba ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kuma a lokacin akwai kuɗi. Daga Sabon Gari zuwa Kurna, daga Ƙofar Wambai zuwa Hotoro, kafin la'asar aljihu ya yi nauyi. Da daddare sai teburin mai shayi: indomi biyu, ƙwai uku, shayi mai kauri, in kuma biya wa duk wanda ya zauna kusa da ni. Waya kuwa ina canja ta kamar riga. A watan Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni. Muka kwana da sana'a, muka tashi babu. Da na zazzage abin da na tara a shekara huɗu, bai kai kuɗin buhun shinkafa biyu ba.

A nan ne kuskurena na farko yake, kuma sai da na kusa furfura na gane shi. Ina ganin duk abin da ya rage a aljihu bayan na sha mai, riba ce. Ashe a cikin kuɗin nan akwai na tayar da take ci kullum, akwai na juyen baƙin mai, akwai na birki da sarƙa, akwai na injin da zai buga wata rana. Akwai na ranar da zazzaɓi zai kwantar da ni, da na ranar da ruwan sama zai hana fita. Ma'aikacin gwamnati ana cire masa na tsufa tun kafin albashi ya shigo hannunsa, ko yana so ko ba ya so. Mu babu mai cire mana. In ba ka raba kuɗin da hannunka ba tun da yamma, ka ware na babur, ka ware na jinya, ka zuba adashi, to abincin gobe kake ci yau kana cewa Allah ya buɗa.

Bayan Kano na yi leburanci, na yi sayar da rake, sannan na bi 'yan cirani zuwa Ikko, wato Legas. Shekaru na yi ina tuƙa baburan mutane ina kai balas, wato kuɗin haya, kullum, ina kwana da mutum bakwai a ɗaki guda. Don haka ranar da Alhaji ya miƙo mini makullin Boxer, ji na yi kamar an ba ni kujerar Makka.

A ƙarshen Janairun 2020 gwamnatin jihar Legas ta sanar da hana acaba da Keke Napep a ƙananan hukumomi shida daga ranar 1 ga Fabrairu: Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland. Har kamfanonin nan da ake kiran babur ta waya, masu riguna iri ɗaya da hular kwano mai tambari, dokar ba ta bar su ba. Yaran da muke yi wa kallon sun tsira, su ma suka wayi gari a zaune. Agege ba ta cikin jerin, amma kuɗin a Ikeja yake. Da babura suka yi ƙaranci, mutane suka yi cirko-cirko a bakin titi, kuɗin hawa ya ninka. Na ce a raina saura sati tara kawai, bari in riƙa kutsawa da sassafe in fito kafin masu kame su karya kumallo. Ni da aka taɓa hana ni a Kano! Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wata Talata na ɗauko wata mata da kwandon tumatir. Ina shan kwana sai ga motarsu a gicce. Na waiga, wasu biyu sun tare baya. Ɗaya ya zare makulli kafin in sauke ƙafa, tumatir ya watse a kwalta, matar tana zagina da Yarbanci. Ina kallo suka cicciɓi babur ɗin suka jefa kan wasu da ke jibge a bayan mota, madubin da na saya da kuɗina ya tarwatse. Na bi su da roƙo har muryata ta dushe. A ƙafa na koma Agege, hular kwano a hannu.

Da na je wa Alhaji da labari, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "To yanzu yaushe za ka biya ni babur ɗina?" Na ce, "Alhaji, ai saura naira 72,000." Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce kuɗin da nake kawowa balas ne, kuɗin haya, babur kuwa nasa ne har gobe, ni na kai shi inda aka hana, ni zan biya.

Muka je gaban wani dattijo da ke sasanta 'yan Arewa a unguwar. Ya saurare mu duka, sannan ya juyo gare ni. "Yaro, ina shaidarka?" Babu. "Ina takarda?" Babu. "Ko littafin da kake rubuta abin da ka kai?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Ka yi makarantar allo?" Na ce na yi, Baba. Ya ce, "To ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan me ta sauka? A kan bashi. An ce ku rubuta, ku kafa shaidu. Allah da ya halicci kunya bai ce a ji ta a nan ba." Ƙarshe aka yi sulhu a kan in ƙara naira 100,000. Har yau ban san ko Alhaji mantawa ya yi ko gangan ya yi ba, kuma na daina neman sani. Shi ma ya yi asarar babur. Abin da na sani, naira 428,000 ta fita daga jikina, ko ƙusa ɗaya ban mallaka ba.

Don Allah ku rubuta. Ko da yayanku ne uwa ɗaya uba ɗaya. Littafin 'yan firamare ya isa: kwanan wata, adadin kuɗi, hannun mai karɓa. Ku kira mutum biyu su zauna ranar da ake ƙulla magana, a faɗi ƙarara haya ce ko saye, in an kama ko an sace wa zai ɗauki asara, in an yi hatsari wa zai biya asibiti. Yanzu ma abin ya zo da sauƙi, ku tura kuɗin ta waya, alat ya zama shaida. Kai mai gadi, a faɗi albashinka a gaban mutane. Ke mai aikatau, ki san nawa ake biya da kuma hannun da kuɗin yake shiga, don na ga yarinyar da ta yi shekara biyu tana wanke-wanke, matar da ta kawo ta birni ce take karɓewa. Wanda duk ya fusata don kun ce a rubuta, ya nuna muku halinsa tun kafin ku zuba gumi, ku gode wa Allah ku nemi wani.

A ƙarshen Maris na 2020 aka rufe Legas saboda korona. Nan na ga abin da ake nufi da hannu baka hannu ƙwarya. Mu takwas a ɗaki, ba mai fita, ba mai ajiya. Garin rogo muke jiƙawa da ruwa, ranar da aka samu sukari ranar biki ce. Mutum ɗaya ne a cikinmu bai tagayyara ba, wani ɗan Zariya da ya iya gyaran janareta. Mutane suna gida, wuta ba ta tsayawa, har ƙofar ɗaki ake zuwa kiransa. Shi ya ciyar da mu kusan wata guda. Ina kallonsa yana kwance kafireta a kan tsumma, na tuna shekarun da na yi ina zama a garejin bakanike ina jiran a gyara mini babur, ina danna waya, ban taɓa leƙa abin da hannunsa yake yi ba.

Da aka buɗe hanya na dawo gida, na shiga koyon gyaran babur a hannun yaron da na girme shi da shekara goma. Oga nake ce masa, ni nake wanke masa sifana da fetur, ni yake aike sayen shayi. Abokaina sun yi mini dariya har suka gaji. A Yunin 2022, da aka sake jaddada dokar a Legas, muna gareji muka ga hoton injin yana murƙushe baburan da aka kama, kamar gwangwanin madara. Wasu daga cikin masu dariyar nasu na ciki. Ba na cewa ku bar acaba, ita ta aurar da ni, ita ta yi wa innata rufin kwano. Amma sana'ar da sanarwa guda a rediyo za ta iya kashewa kafin gari ya waye, a riƙe ta da hannu ɗaya, ɗayan yana koyon wani abu.

Makon jiya ɗan yayata ya zo gareji da murna, wai wani Alhaji zai ba shi Keke Napep ya riƙa biya har ta zama tasa. Na ce nawa ne jimilla? Ya faɗa. Wata nawa? Ya faɗa. Na ce su wa suka shaida? Ya ce, "Haba Kawu, ai mutumin kirki ne, limamin unguwarsu ma abokinsa ne." Na ce madalla, ashe ma shaida ba zai yi wuyar samu ba. Na goge hannuna, na aiki yaro ya sayo littafi da biro a shagon kusa, na ce wa Oga zan ɗan fita. Na goya ɗan yayar tawa a babur muka nufi gidan Alhajin.