Asabar, a layin alto

Ƙarfe huɗu na yamma na sauka daga keke a Tudun Wada, hunturu ya riga ya busar mini da maƙogwaro. Da na shiga coci don koyon waƙa, na tarar maza sun cika bencin baya, kowa da hular sanyi. Mako na uku ke nan muna kan Halleluya ta Handel, wadda za mu rera a sujadar Kirsimeti.

Da solfa muke koyo kamar kullum, do re mi da alli a kan allo, layi huɗu don murya huɗu: bes da tena na maza, alto da sofrano na mata. Farkon waƙar ba wuya, duk tare muke tafiya. Inda take kayar da mu shi ne wajen da ake cewa zai yi mulki har abada abadin. 'Yan bes ne ke buɗewa su kaɗai, tena su biyo, sai mu alto, sofrano a ƙarshe, kowa da jimla ɗaya amma ba lokaci ɗaya ba. Sau uku ina shiga tare da tena. Ba wanda ya yi magana, amma raina ya ɓaci, don na san na janye wasu biyu a layinmu.

Maman da ke gefena, wadda ta fi shekara talatin cikin mawaƙa, ta kama hannuna. "'Yata, kunnenki ne ke jan ki. Ƙirga." Ta dinga buga mini da yatsa a tafin hannu, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Yatsan nata sanyi ƙalau, da ƙanshin man zafi. A karo na huɗu na shiga daidai.

Da muka huta, Malam mai koya mana waƙa ya ce mu rufe takardu. Da Turanci muke rerawa, shi kuwa ba ya son mu yi ta furta abin da bai shiga zuciya ba, sai ya sa aka karanta ayoyin da Hausa daga Ru'ya ta Yohanna, sura 19 da sura 11. Sarkin sarakuna, Ubangijin iyayengiji. Ya ce Handel Bajamushe ne da ya zauna a Landan, a 1741 ya tsara dukan waƙoƙin Almasihu, babban aikinsa da Halleluya take ciki, cikin kwana 24, aka fara rera su a Dublin a watan Afrilun 1742. Kuɗin da aka tara ran nan, wani kaso ya tafi ga asibitoci, wani ga fursunonin da bashi ya kai kurkuku. Wannan ya tsaya mini a rai. Ban taɓa haɗa waƙar nan da wanda ake bi bashi ba.

Wajen ƙarfe shida aka ɗauke wuta, kibod ya mutu. Malam ya ba mu do da bakinsa, ya ce mu ci gaba. Gaskiya na fi son ta haka. Na ji sofrano suna hawa mataki-mataki a kan Sarkin sarakuna, bes a ƙasa kamar ganga. Gab da ƙarshe akwai inda kowa ke yin shiru kafin Halleluya ta rufewa, kuma kullum sai wani ya faɗa ciki. Yau hannun Malam yana sama, muka yi tsit, har ina jin iska tana kaɗa kwanon rufi.

Na dawo gida muryata ta dishe. Na sha shayin citta. Talata za mu koma, Mama ta ce in zauna kusa da ita.