Daga Kolombo Zuwa Dutsen Annabi Adamu: Tafiyata Ƙasar Siri Lanka

Siri Lanka tsibiri ne da ke cikin Tekun Indiya, dab da ƙarshen kudancin ƙasar Indiya, kuma faɗinsa murabba'in kilomita 65,610 ne, wato bai kai Jihar Neja girma ba, amma kimanin mutum miliyan 22 ne ke zaune a cikinsa. Masu tallar yawon buɗe ido sun fi nuna hotunan bakin teku da itatuwan kwakwa, kuma ba ƙarya suka yi ba, sai dai bayan da na zagaya na tabbatar wa kaina cewa wanda ya tsaya a gaɓar ruwa bai ga ƙasar ba, domin tarihinta da arzikinta da wuraren da mutanenta suke girmamawa suna can cikin duwatsun tsakiya.

Babu jirgin da ke zuwa kai tsaye daga Najeriya, saboda haka ta Doha na bi, na sauka a filin jirgin Bandaranaike da ke Katunayake, kimanin kilomita 30 arewa da Kolombo. Agogonsu yana gaba da namu da awa huɗu da rabi. Kolombo birni ne mai zafi da gumi, kuma ban daɗe a cikinsa ba. Abin da ya riƙe ni shi ne unguwar Pettah, inda kowane layi yake da hajarsa, nan zinariya, can atamfa da yadi, gaba kaɗan kayan yaji, ga adaidaita sahu suna kutsawa tsakanin masu turin kura. A tsakiyar wannan cunkoso ne masallacin Jami'ul Alfar yake, wanda aka gama gininsa a 1909, mai ratsin ja da fari tun daga ƙasa har hasumiya. Musulmi sun kusa kashi 10 cikin ɗari na al'ummar ƙasar, yawancinsu Tamilanci suke yi a gida, kuma mazhabar Shafi'iyya suke bi, don haka Bamalike zai ji liman yana bayyana bisimilla a Fatiha, kuma yana ɗaga murya da alƙunutu a sallar asuba. Abincin halal ba ya wuya a birane. A nan na fara cin kottu, wato gurasa da ake daddatsawa a kan faranti mai zafi tare da ƙwai da nama da ganye, wanda tun daga nesa ƙarar ƙarfen mai yinsa take sanar da mutum inda yake.

Daga Kolombo na nufi arewa maso gabas zuwa Sigiriya, wani falalen dutse da ya miƙe shi kaɗai a tsakiyar daji, tsayinsa ya kusa mita 200. Sarki Kashyapa, wanda ya yi mulki daga 477 zuwa 495, shi ne ya gina fadarsa a kansa bayan ya kashe mahaifinsa ya ƙwace sarautar da ɗan'uwansa Moggallana ya fi shi cancanta da ita. A rabin hawan akwai manyan daginan zaki guda biyu da aka gina da tubali, waɗanda su kaɗai suka rage daga ƙofar fadar, kuma ta tsakaninsu matakalar ƙarfe take bi ta haura. Abin da ya fi ba ni mamaki ba fadar ba ce, lambunan ruwa ne da ke ƙasa, domin magudanan da aka binne tun wancan zamani har yau suna fesa ruwa idan damina ta yi ƙarfi. Kuɗin shiga da ake karɓa daga baƙo yana da tsada ainun idan aka kwatanta da na ɗan ƙasa, amma ban yi da-na-sanin biya ba. Kusa da nan akwai tafkin Minneriya, wanda Sarki Mahasena ya haƙa tun ƙarni na 3, inda giwaye suke taruwa da yawa daga wajen Yuli zuwa Oktoba idan ruwa ya ja baya ciyawa ta tsiro. Ban zo a lokacin taron ba, amma na ga wani ƙaramin garke yana kiwo da yamma.

Kandi ita ce masarauta ta ƙarshe da ta rage a hannun 'yan ƙasa, sai a 1815 Ingilishi suka ci ta, bayan Turawan Fotugal da na Holan sun yi ta gwadawa sun kasa. A bakin tafkin garin ne ɗakin bautar da ake ajiye abin da mabiya addinin Buddha suka yi imani haƙorin Buddha ne. Su ne kusan kashi 70 cikin ɗari na mutanen ƙasar, kuma a da can duk wanda haƙorin yake hannunsa shi ake ɗauka mai haƙƙin sarauta. Ba a ganin haƙorin, akwatin zinariyar da yake ciki kawai ake hangowa ta wata ƙofa, mutane suna wucewa a layi da fararen tufafi da furanni a hannu, makaɗa suna buga ganguna a ƙasa. Ana cire takalmi, kuma ba a barin mai gajeren wando ya shiga. Na tsaya a gefe a matsayin baƙo mai kallo, ba wanda ya tambaye ni dalili.

Jirgin ƙasan da ke tashi daga Kandi zuwa cikin duwatsu ba ya sauri, kuma rashin saurin nasa alheri ne. Yana hawa sannu a hankali, kwakwa da ayaba suna raguwa, har mutum ya wayi gari ko'ina ya duba gonar shayi ce ta lulluɓe tudu da kwari. Da farko gahawa Turawa suka shuka a waɗannan tuddai, sai wata cutar ganye ta ɓulla a 1869 ta cinye gonakin. Wani ɗan Sikotilan mai suna James Taylor ya riga ya fara gwada shayi a gonar Loolecondera a 1867, kuma shayin ne ya zama mafita. A 1890 Thomas Lipton ya zo ya sayi gonaki, ciki har da Dambatenne kusa da Haputale, kuma sunansa ne har yau masu shayinmu suke kira idan suna nufin ganyen. Na shiga wata masana'anta na ga yadda ake shanya ganyen ya yi yaushi, a murza shi, a bar shi ya canja launi, a busar, sannan a tankaɗe a ware manya da ƙanana. Wanda ya zagaya da mu ya ɗebo mafi laushin gari ya ce irinsa ake zubawa a 'yan jakunkunan takarda, sai na gane cewa abin da muka saba sha ba shi ne na gaba a daraja ba.

Matan da ke tsinkar ganyen, ganye biyu da toho ɗaya a kowane reshe, jikokin Tamilawan da Ingilishi suka kwaso daga kudancin Indiya ne a ƙarni na 19. Ƙasar ta sami 'yancin kai ranar 4 ga Fabrairu 1948, kuma a wannan shekarar aka yi dokar da ta bar mafi yawansu ba su da ƙasa, matsalar da aka shafe shekaru masu yawa kafin a warware ta. Har yau da yawansu suna zaune a dogayen gidajen kwano masu ɗaki ɗaya-ɗaya da Turawa suka bari, kuma sai a 2021 aka kai ladansu rufi 1,000 na kuɗin ƙasar a rana. Baƙi suna son ɗaukar su hoto da kwando a baya. A ganina wanda zai yi haka ya fara neman izini, kuma ya san abin da ke bayan hoton. Nuwara Eliya, mai tsayin kusan mita 1,900 daga teku, gari ne mai sanyin da sai da bargo, cike da gine-ginen Turawa da filin sukuwa, amma ban ga abin da zai sa mutum ya daɗe a can ba.

Dutsen Annabi Adamu ne babban dalilin zuwana. Tsayinsa mita 2,243 ne, kuma a ƙololuwarsa akwai wani gurbi a jikin dutse mai siffar sawun ƙafa. Mabiya Buddha sun ce sawun Buddha ne, Hindu sun ce na abin bautarsu Shiva ne, Musulmi kuwa tun da daɗewa suna danganta shi da Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bisa labaran da ke cewa a tsibirin Sarandib, wato Siri Lanka, ya sauka bayan fitowarsa daga Aljanna. Alƙur'ani bai ambaci wurin saukarsa ba, saboda haka ni ban hau da niyyar ibada ba, na hau ne don in ga hanyar da matafiya suka yi ɗaruruwan shekaru suna bi. Ibn Battuta ya hau shi a 1344, ya ba da labarin hanyoyi biyu, ta Baba da ta Mama, wato Adamu da Hauwa'u, da sarƙoƙi goma da ake kamawa, ta goman ana kiranta sarƙar shahada domin wanda ya kai nan ya leƙa ƙasa tsoro yakan sa ya yi kalmar shahada. Shi ne matafiyin da bayan 'yan shekaru ya ratsa Sahara ya isa Takedda a ƙasar Nijar ta yau, har ya ambaci Gobir cikin wuraren da ake kai jan ƙarfenta.

Lokacin hawa daga Disamba ne zuwa Mayu. Na tashi daga ƙauyen Nallathanniya da tsakar dare, kamar yadda kowa yake yi, domin a riski fitowar rana a sama. Matakalar ta haura 5,000, an jera fitilu a gefenta, kuma akwai rumfunan masu shayi a kan hanya. Farkonta ba wuya, amma can sama takan miƙe ta ƙuntata har sai an riƙe ƙarfe, ga iska mai sanyin da ke ratsa riga. Abin da ya hana ni ƙorafi shi ne abokan hawana: tsofaffin mata ba takalmi, jikoki suna riƙe da hannuwansu, da iyaye maza ɗauke da jarirai, suna tafe suna rera waƙoƙin addininsu. A sama akwai ƙararrawa da kowane mai ziyara yake bugawa gwargwadon yawan hawan da ya taɓa yi, kuma na ji wani dattijo ya yi ta bugawa har na daina ƙirgawa. Shi sawun ƙafar yana cikin ƙaramin ɗaki a lulluɓe, masu kula da wurin mabiya Buddha ne. Na sami wani lungu nesa da ɗakin na yi sallar asuba. Da rana ta fito, inuwar dutsen ta faɗi ta yamma a kan hazo, mai kusurwa uku daidai, alhali shi dutsen ba haka siffarsa take ba. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, kuma wanda ke da ciwon gwiwa ya nemi sanda tun daga ƙasa.

Da ƙafafu masu tsami na gangara kudu zuwa Galle. Turawan Fotugal ne suka fara gina ganuwarta a 1588, Holan suka ƙwace ta a 1640 suka faɗaɗa ta, kuma kirfa ce ta kawo su duka, domin a wannan yanki ake samun ta ainihi, mai siririn ɓawo da ke murmushewa a hannu. A cikin ganuwar akwai iyalan Musulmi da suka daɗe suna fataucin duwatsu masu daraja, ga masallacin Meeran fari fat yana fuskantar hasumiyar jiragen ruwa. Ganuwar ce ta kare tsohon garin ranar 26 ga Disamba 2004, lokacin da igiyar tsunami ta hallaka sama da mutum 30,000 a ƙasar, ta kuma kifar da jirgin ƙasa cike da fasinjoji a Peraliya, a kan hanyar da na bi na koma Kolombo. Tekun wannan gefe yana kwanciya ne daga Disamba zuwa Maris, daidai da lokacin hawan dutsen, don haka ana iya haɗa su a tafiya ɗaya. Wanda hutunsa ya faɗo tsakanin Mayu da Satumba kuwa sai ya nufi gabas wajen Trincomalee, domin a lokacin ruwan sama yana zuba a kudu da yamma, kuma fitilun dutsen a kashe suke.