Asusun da aka rufe da sunana

Ranar Alhamis na miƙa makullin buro, na rubuta wa wanda zai gaje ni dukkan lambobin sirri a takarda. Shekara uku ke nan ina riƙe da tallace-tallacen shafinmu na labarai a nan Yamai. Abu ɗaya ne ban iya miƙa masa ba, asusun AdSense, wato tsarin Google da ke sa talla a shafi yana biyan mai shafin, don an rufe shi, kuma da sunana aka rufe shi.

Lokacin da za mu buɗe shi maigida ya ce ba ya da lokacin cike-cike, in sa sunana da katin shaidata. Na ɗauka amana ce. Ni na yi ta sintiri gidan waya ina jiran wasiƙar nan mai lambar PIN da Google ke aikowa in kuɗinka ya kai dalar Amurka 10. Sai an tara 100 kafin a biya, ga shi danna talla sau ɗaya daga mai karatu na gida wani lokaci ko ƙullin ruwan sanyi ba ya saye. Mun daɗe kafin mu ga biyan farko.

Maigida ba ya da wannan haƙurin. Wata rana bayan la'asar ya kira ni ya ce, "Kai yaro, tunda dannawa ke kawo kuɗi, me muke jira? Ga samari can a fada suna shan shayi, kowa da waya a hannu." Na ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji, dokarsu ta hana. Mu kanmu ba a yarda mu taɓa tallar ba, balle mu sa wani." Ya yi dariya ya ce, "Su da ke Amurka, ina za su san abin da ake yi a Bukoki?" Sai na yi shiru. Sau ɗaya na faɗa, da murya ƙasa-ƙasa, ban maimaita ba, ban kuma rubuta masa ko layi ɗaya ba. Shirun nan shi ke hana ni barci har yau.

Ya saya wa samari kiredi na jikka-jikka, aka buɗe musu zaure a WhatsApp. Ni ke duba lissafi kowace safiya, don haka na ga komai da idona. A da, cikin mutum ɗari da suka buɗe shafi da ƙyar ɗaya ko biyu ke danna talla. Yanzu adadin ya ninka har ba kyan gani, kuma wayoyin nan dai ne, daga unguwa guda, kullum bayan isha'i, a danna a fita ba a karanta ko kanun labari ba. Idan ni na gane da kallo ɗaya, na'urar da aka gina don wannan aikin fa? Ba zan ɓoye ba, da na ga kuɗin na hawa raina ya yi sanyi, don kuɗin haya na bina. Alhali na san kowace danna daga aljihun wani mai talla take fita, ɗan kasuwa irin namu da ya biya don ya samu mai saye. Sata ce, kuma na san sunanta tun ranar farko.

Gargaɗi ya zo, aka taƙaita tallan da ke fitowa a shafin. Na nuna wa maigida, ya ce a gaya wa yaran su sassauta. Ana biya ne daga 21 ga wata. Saura kwana kaɗan, na tashi daga sallar asuba na tarar da saƙo: an rufe asusun saboda dannawar bogi, kuɗin da aka tara za a mayar wa masu talla. Na ɗaukaka ƙara, na faɗi gaskiyar abin da ya faru, ba a karɓa ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda aka rufe wa asusu a kan irin wannan ba a ba shi damar buɗe wani.

A taron Litinin, gaban kowa, maigida ya nuna ni ya ce, "Ga mai kwamfutar nan, shi ya san abin da ya taɓa." Waɗanda suka san zancen zauren duk suka sunkuyar da kai. Aka yanke mini rabin albashi wata biyu. Kuɗin na yafe. Maganar ce ta ƙi fita daga raina.

Bayan haka na ɗauki babur na shiga Babbar Kasuwa da kasuwar Katako ina neman masu talla kai tsaye, na bi makarantu masu zaman kansu kafin komawar yara a Oktoba. Talla ta wata-wata, farashi a rubuce, ba ruwan kowa da dannawa. Abin da ya shigo ta nan ya fi duk abin da asusun ya taɓa kawowa, ko da yake ban taɓa jin an ambaci haka a taro ba.

Sauran darussan ƙanana ne. Kada a liƙa talla kusa da maɓallin da yatsa ke yawan taɓawa. Kada a sayi masu ziyartar shafi daga masu alkawarin dubbai a dare ɗaya. In lissafi ya yi tsalle ba dalili, a sanar da kamfanin tallar tun kafin su tambaya.

A ƙasan takardar da na bar wa magajina na ƙara layi biyu da jan biro. In za a buɗe wani asusu a ko'ina, ya kasance da sunan kamfani da takardunsa. In kuma Alhaji ya ba shi umarni a kan talla, ya roƙe shi da ladabi ya turo masa a saƙo.