Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekara Uku da Weji a Hannu

Makon jiya na tsaya inda Baba ya damƙa ni hannun Kawu a tashar Funtuwa. To, shekara uku cur na yi ina karen mota a akori-kurarsa, Fijo 404, ban taɓa sitiyari ba sai in zan goge shi. Aikina weji. Da mota ta tsaya sai in diro in cusa katakon nan a gindin taya, in zuba ruwa a lagireto, in batir ya yi sanyi mu tura. In na yi ƙorafi ya ce, "Yaro, wanda bai ƙoshi da weji ba, birki ba ya jin maganarsa."

Na shiga hannunsa ne shekarar canjin hannu, 1972, da aka komo dama. Motarsa kuwa sitiyarinta na dama, don haka in zai wuce gingimari a hanyar Zariya sai na leƙa ta tagar hagu na ce, "Kawu, hanya ta yi." Ni ne idonsa fa, amma wai ban isa tuƙi ba.

A sace na koya. Giyar 404 a jikin sitiyari take, na yi ta kallon hannunsa har na haddace. Ran nan mun sauke auduga, ya tafi sallar azahar ya bar makulli. Na taka kuloci, na sa lamba ɗaya, na saki ƙafa gaba ɗaya. Mota ta zabura kamar akuya, sai kan ƙwaryar wata mai fura. Na sha mari, aka biya ta daga kuɗin abincina.

Marin bai dame ni ba. Abin da ke ci mini rai shi ne autansa, da ya gama firamare, wata biyu kacal aka liƙa masa jan L, alamar mai koyon tuƙi. Ko nauyin weji bai sani ba. Ashe birki na jin maganar ɗan gida. Bara ma wurin ɗaurin auren jikata na ji autan nan yana gaya wa yara wai shi ya koya mini mota. Na haɗiye saboda zumunci.

Ran da na sayi 504 haɗin Kaduna, ƙofar gidan Kawu na fara fakawa. Ya zagaya ta sau biyu, Allah ya jiƙansa, ya buɗe but, ya ce, "Ina wejinka?"

Maganar lasin sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.